Babi na Biyar: Filin Kokowa, Makarantar Mai Hoton Wasanni

Matashin da ya sayi kyamara, ko ya samu waya mai kyakkyawan ido, idan aka ambaci hoton wasanni sai hankalinsa ya tafi filin Seyni Kountché na Yamai, ko filayen Turai da yake gani a gidan kallon ƙwallo. Yana hango mutanen nan da ke jere a bayan raga, kowa da madubi mai tsawon hannu, sai ya yanke cewa wannan sana'a ba ta talaka ba ce. Kuskure ne babba. Wanda ke zaune a Junju, garin da takardun gwamnati ke rubutawa Dioundiou, ko a Karakara, ko Zabori, ko Gaya, yana da wurin koyo a ƙofar gidansa, kuma ba a biyan kuɗin makaranta. Wurin nan shi ne filin kokowa.

A babin da ya gabata mun yi bayanin hoton fuska, inda mutum zai tsaya ya gyara hula ya jira ka. A nan ba mai jiran ka. Ɗan kokowa bai san ma kana wurin ba, kuma kayen da ya yi ba zai maimaita shi don kai ba. Saboda haka abin da ke raba gwani da ɗan koyo a wannan fage shi ne sanin wasan da sanin inda za a tsaya. Tsadar kayan aiki tana zuwa ne daga baya.

Ƙasar da kokowa ta yi gida

Junju na cikin jihar Dosso, a kwarin Dallol Mawri, ƙasar rake da giginya. Da can tana ƙarƙashin Gaya, sai a 2011 aka ba ta gundumarta. Idan kaka ta yi, gero ya shiga rumbu, aka fara saran rake, samari sun ƙoshi kuma aikin gona ya yi sauƙi, lokacin ne ganga ke tashi. Wannan ƙauye ya gayyaci wancan, a share dandali, a yi da'ira, a kara daga bayan la'asar har rana ta faɗi.

Daga irin waɗannan filaye ake tsamo waɗanda za su wakilci gunduma, daga nan a tace waɗanda za su ɗauki tutar jiha zuwa gasar takobi. An fara wannan gasa ta ƙasa a Tawa a 1975, zamanin Seyni Kountché, kuma Yakuba Ango Kantu na Maraɗi ne ya fara ɗaga takobin. Yau jihohi 8 ne ke haɗuwa, kowace da 'yan kokowa 10, mutum 80 ke nan ana neman ɗaya. Jihar Dosso ba baƙuwa ba ce a wannan tarihi. Filin kokowar birnin Dosso yana ɗauke da sunan Salma Ɗan Rani, kuma Kadri Abdou, wanda duniya ta sani da Issaka Issaka, ya kawo wa jihar takobi har sau 6. A watan Disamban 2024 Dosso ce ta karɓi baƙuncin gasar.

Abin lura ga mai hoto shi ne, duk sarkin kokowar da aka naɗa a gaban kyamarorin gidan talabijin, ya shafe shekaru yana kokowa a dandalin ƙauye ba tare da wani ya ɗauke shi ba. Waɗannan shekaru su ne rabonka.

Ga mai koyo kuwa, kokowa ta fi ƙwallon ƙafa sauƙin farawa nesa ba kusa ba. Filin ƙwallo ya kai mita 100 a tsawo, mutum 22 ke gudu a cikinsa, abin da kake nema yakan faru can nesa da kai. Filin kokowa da'ira ce 'yar ƙarama, mutum biyu ne kawai a tsakiya, cikin hasken rana, kuma a yammaci ɗaya za a kara sau da yawa. Idan ka rasa wannan kaye, wani na tafe nan da 'yan mintoci.

Ka san wasan kafin ka taɓa maɓalli

Tsakanin ido ya ga abu da yatsa ya danna maɓalli akwai kusan rubu'in daƙiƙa. Kyamara ma tana ƙara nata ɗan jinkirin, waya kuwa ta fi jinkiri. Kaye kuma bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Ma'anar wannan lissafi a fili take: idan ka bari sai ka ga mutum a sama sannan ka danna, hoton da za ka samu shi ne na ƙura da bayan alƙali. Dole yatsanka ya riga kayen. Ba kuwa yadda zai riga shi sai ka san alamominsa.

Dubi yadda karo yake tafiya. Su biyun sun rankwafa, kowa ya ware ƙafafu, suna zagaya juna. Ɗaya ya duƙa ya shafi ƙasa ya murza a tafin hannu. Suna miƙa hannu suna janyewa, wannan ya taɓa kan wancan, wancan ya kaɗe. Ana iya ɗaukar mintoci a haka, ɗan koyo ya cika memori da hotuna iri ɗaya har ya gaji ya sauke kyamara. Sai kwatsam su sarƙe, kai ya shiga ƙarƙashin kafaɗa. Daga nan ka daina kallon fuskokinsu, ka kalli ƙafafu da ƙugu. Wanda zai ɗaga yakan fara saukar da ƙugunsa ƙasa da na abokin karonsa. Wanda zai yi taɗiya yakan mai da nauyinsa kan ƙafa ɗaya don ya saki ɗayar. Wanda ƙafafunsa suka haɗe wuri guda, ko diddigensa ya rabu da ƙasa, shi ne mai tafiya. Lokacin da ka ga ƙugu ya sauka, lokacin ne na dannawa.

Wannan ilimi ba ya cikin littafin kyamara. Yana wurin tsofaffin 'yan kokowa da ke zaune a gaban da'ira. Ka je fili wasu ranaku ba tare da kyamara ba, ka gaishe su, ka zauna kusa. Ka ce, "Baba, wannan mai jan ɗamarar, da me ya fi kayarwa?" Zai ce maka, "Yaro, wannan ɗan ƙafa ne. Kada ka dubi hannunsa, yaudara ce." Jimla ɗaya irin wannan ta fi maka sabon madubi amfani. Kowane ɗan kokowa yana da kamun da ya saba da gefen da ya fi jefa mutum. Idan ka san wannan, ka san inda hoton zai faɗo tun kafin a busa usur.

Ka kuma saurari kiɗa. Makaɗa sun fi kowa karanta fili, don shekara da shekaru suna bin 'yan wasan. Da zarar ganga ta canja taki ta yi zafi, ka ɗora ido a kyamara.

Inda za ka tsaya

A ranar 25 ga Mayun 1965, a garin Lewiston na Amurka, Muhammad Ali ya kayar da Sonny Liston tun a zagayen farko, ya tsaya a kansa yana masa tsawa ya tashi. Wani saurayi ɗan shekara 22 mai suna Neil Leifer ya ɗauki wannan tsayuwa, kuma har yau ana lissafa hoton cikin mafi shahara a tarihin wasanni. Idan ka dubi hoton da kyau, tsakanin ƙafafun Ali za ka hango fuskar wani mai hoto a ɗaya ɓangaren. Herb Scharfman ke nan, wanda ya girmi Leifer a aiki kuma mujalla ɗaya ta aiko su. Yana da gogewa, yana da kayan aiki, amma bayan Ali kawai yake gani. Bambancinsu a wannan daƙiƙa wurin zama ne.

Akwai sa'a a ciki, babu shakka, amma mai hoto yana iya rage wa sa'a aiki. Ka iso fili tun ana share shi, kafin jama'a su cika. Abu na farko da za ka duba shi ne rana. Tunda da yamma ake karawa, ka zauna ta yamma da da'irar, rana na bayanka, haskenta na sauka a jikin 'yan wasa. A nan ne zufa da jijiyoyin hannu da layu ke fitowa sarai. Idan hannunka ya faɗa, ka gwada komawa ta gabas ka fuskanci ranar: mutanen za su yi duhu, amma ƙurar da ke tashi daga ƙafafunsu za ta kama haske, ka samu hoto na daban.

Abu na biyu shi ne abin da ke bayan 'yan wasan. Taron jama'a bango ne mai kyau. Motar da aka ajiye, turken lantarki, ko farar rumfa mai ƙyalli suna ɓata hoto komai kyawun kayen. Taku biyar zuwa dama ko hagu yakan raba ka da su.

Abu na uku, ka yi ƙasa. Ka zauna dirshan ko ka durƙusa. Hoton da aka ɗauka daga tsaye yana danne ɗan kokowa ya mai da shi ƙarami, kuma ba ya nuna tazarar da ke tsakanin ƙafarsa da ƙasa. Daga ƙasa kuwa, wanda aka ɗaga zai fito a sararin sama, girman ƙarfin ya bayyana. Zaman yana da wata fa'ida: ba ka tare wa na bayanka kallo ba, ba kuwa wanda zai yi maka ihu.

Ka lura da alƙali, domin shi ma yana neman ganin abin da kake nema, kuma shi ke da iko a fili. Ka gane gefen da ya fi tsayawa ka kauce masa. Kada ka taɓa tsallaka iyakar da'ira ana tsakiyar karo. Ƙattai biyu idan suka taho a sarƙe ba sa ganin kowa.

Lambobi uku da za ka haddace

Kyamara tana da marufi a ciki da ke buɗewa ya rufe, haske ya shiga a tsakani. Tsawon wannan ƙiftawa shi ne lamba ta farko, kuma ita ce uwa a hoton wasanni. Don ka tsayar da kaye cak, har ƙwayoyin yashi su fito a iska, kana bukatar 1/1000 na daƙiƙa. Lokacin zagayen juna da neman kamu, 1/500 ya wadatar. Idan ka sauka zuwa 1/125, hannuwa da ƙafafu za su fito dishi-dishi. A kyamarar Canon ka juya zuwa Tv, a Nikon zuwa S, ka zaɓi saurin da kanka, ita kuma ta daidaita saura.

Lamba ta biyu faɗin ƙofar haske ce, wadda ake rubutawa da harafin f. Ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa: f/4 tana shigar da ninkin hasken f/5.6, f/2.8 kuma ninkin na f/4. Buɗe ƙofar yana ba ka haske, yana kuma narkar da taron da ke baya, 'yan wasan su fito su kaɗai. Shi ya sa madubin 70-200 mai f/2.8 ya zama abokin tafiyar ƙwararru, shi ya sa kuma yake da tsada. Mai farawa bai bukace shi ba. Tsohuwar kyamara ta hannu, da madubin 55-250 ko 70-300, ta isa aikin filin kokowa muddin akwai rana.

Lamba ta uku ita ce ISO, wato yadda kyamara ke ƙara ƙarfin ɗan hasken da ta samu. Da rana tsaka 100 ko 200 sun isa. Bayan la'asar, musamman idan akwai hazo, ka hau 400 zuwa 800. Gab da magariba za ka kai 1600 ko 3200. Hoton zai yi ɗan tsakuwa-tsakuwa, amma kada wannan ya tsorata ka. Hoto mai tsakuwa wanda ya tsaya cak yana da amfani. Hoto mai santsi wanda ya girgiza ba shi da magani.

Ka riƙe wannan a ranka: manyan karo a ƙarshe ake yin su, daidai lokacin da haske ke gudu. A ƙasarmu rana ba ta jan ƙafa wurin faɗuwa. A watan Disamba wajen ƙarfe shida da rabi ta tafi, kuma duhu na biye da ita. Don haka duk bayan karo biyu ka duba lambobinka. Saitin da ya yi daidai da ƙarfe huɗu zai ci amanarka da ƙarfe shida.

Saura abu biyu. Ka sa saitin ido na kyamara a kan mai bin motsi, wanda Canon ke kira AI Servo, Nikon kuma AF-C, ka ɗora ɗigon a ƙirji ko kafaɗar ɗan wasan da ke fuskantar ka. Sannan ka kunna ɗauka a jere, amma ka riƙa saki gajere-gajere, hoto uku ko huɗu a daidai gaɓar. Wanda ya danne maɓalli tun farkon karo, kyamararsa takan cushe ta tsaya numfashi a daidai lokacin kayen.

Idan waya kawai gare ka

Mafi yawan masu karanta wannan babi da Tecno ko Infinix ko Itel za su fara, kuma babu abin kunya a ciki. Sai dai ka san iyakarta. Kada ka ja hoto da yatsu don ka kusanto da shi, domin a yawancin wayoyi wannan yanke hoton kawai yake yi ya buɗa shi, ingancin ya zube. Ƙafarka ce za ta kusanto da kai. Ka goge idon wayar kafin ka fara, ka taɓa allon a kan ɗan wasan don ta saita a kansa. Wayoyi da yawa suna ɗauka a jere idan ka danne maɓalli, wasu kuma suna da sashen ƙwararru inda za ka zaɓi saurin ƙiftawa da kanka. Ka bincika taka tun a gida.

Inda waya ta fi ƙarfi shi ne wuraren da motsi ya tsaya ko ya yi sanyi: ɗan kokowa yana kirari da hannu a sama, ana ɗaura masa guru, sarƙewar farko lokacin da ƙarfi ya zo ɗaya kowa ya kafe, da lokacin da magoya baya suka ɗauki gwaninsu a kafaɗa. Wanda ya iya fitar da waɗannan da waya, ranar da kyamara ta zo hannunsa ba zai sha wahala ba.

Ƙura, zafi da batir

Lokacin kokowa shi ne lokacin hunturu, kuma ƙura ita ce babbar abokiyar gabar kayan aikinka. Kada ka canja madubi a tsakiyar fili. Ka zaɓi ɗaya tun daga gida ka zauna a kansa, domin ƙurar da ta shiga cikin kyamara za ta bar ɗigo a kowane hoto har sai an kai ta wurin mai gyara. Tsakanin karo da karo ka rufe ta da ƙyalle ko ka sa ta cikin riga. Idan ka koma gida, ka fara hure ƙurar da 'yar robar hura iska kafin ka goge. Wanda ya goge madubi da yashi a kai ya kankare shi da hannunsa. Kada ka bar kyamara a rana ko a akwatin babur mai zafi.

A ƙauyen da babu lantarki, batir na biyu ya fi madubi na biyu muhimmanci. Ka cika su tun daren jiya, ka tafi da memori na ajiya, kuma ka rage leƙen allo bayan kowane hoto. Leƙen nan yana cin wuta, yana kuma ɗauke idonka daga fili.

Ladabin fili

Filin kokowa yana da masu shi. Kafin ka ciro kyamara ka nemi wanda ya shirya wasan, ko sarkin kokowa, ko mai gari, ka gaishe shi ka faɗi ko kai wane ne. "Ranka ya daɗe, ni ɗan gidan wane ne, ina koyon hoto, ina neman izinin zama a bakin fili." Da wuya a hana ka, kuma daga ranar ka samu mai tsaya maka. A manyan gasa kuwa takardar izini ake nema daga masu shiryawa, sai ka nema da wuri.

Ba duk abin da ido ya gani ake ɗauka ba. Ɗan kokowa da ya keɓe da mutanensa yana shirin jikinsa, yana shafa abin da zai shafa, yana iya ƙin a ɗauke shi. Ka tambaya, in ya ƙi ka bar shi. Wanda aka kayar ɗan wani ne, mijin wata ne, kuma gobe zai iya zama shi ne a sama. Hoton kaye halal ne, don shi ne wasan. Amma hoton da tufarsa ta zame, ko wanda za a riƙa yawo da shi a WhatsApp ana masa dariya, ka goge shi. Mata da yara da ke cikin 'yan kallo su ma suna da haƙƙi, kada ka kusanto fuskar matar mutum ka watsa ba da yardarta ba. Tunda kuma yankinmu bakin iyaka ne, ka riƙa tafiya da takardunka, ka kawar da kyamara daga jami'an tsaro da shingayensu.

Kada kuma ka manta cewa rabin labarin yana wajen da'ira. Makaɗi da jijiyar wuyansa ta tashi, maroƙi da ke zuga gwaninsa, dattijon da ya miƙe tsaye bai sani ba, mai rake da ya bar cinikinsa ya juya yana kallo, duk suna cikin wasan. Da zarar an yi kaye ka samu naka, ka juya da sauri ka ɗauki jama'a. Murnar ba ta wuce 'yan daƙiƙoƙi.

Daga kokowa zuwa sauran wasanni

Abin da ka koya a nan zai bi ka ko'ina. A ƙwallon ƙafa, wurin mai gajeren madubi shi ne bayan layin raga, tsakanin turke da kusurwa, inda 'yan gaba ke tahowa suna fuskantar ka. Kada ka bi ƙwallo ko'ina, ka jira ta shigo yankinka. Hoton ƙwallon ƙafa yana son abu uku a tare: fuska, ƙwallo da gwagwarmaya. A dambe, wanda ke da farin jini a tsallaken iyaka ta wajen Kamba da sauran ƙasar Kabi, ka sa ido a kafaɗar hannun da aka naɗe, don ita ke motsawa kafin naushi ya fita.

Sukuwa kuwa tana da tsohuwar alaƙa da wannan sana'a. A 1878, a Kaliforniya, Eadweard Muybridge ya jera kyamarori 12 a gefen hanyar doki, ya nuna wa duniya abin da ido bai iya tabbatarwa ba, cewa akwai lokacin da ƙafafun doki huɗu duk suna sama. A kan doki ko mai gudu za ka iya gwada wata dabara: ka rage saurin ƙiftawa, ka bi mai gudun da kyamara daidai da saurinsa, ka danna kana cikin juyawa. Shi zai fito sarai, bayansa ya zama zane-zanen gudu. Haka Cameron Spencer ya ɗauki Usain Bolt yana waiwaye yana murmushi a wasan kusa da na ƙarshe na mita 100 a Rio a 2016, da saurin 1/40 kacal. Dabara ce mai yawan asara, ka fara gwada ta a kan 'yan kabu-kabu da ke wucewa a bakin hanya.

Bayan an tashi

Aiki bai ƙare da faɗuwar rana ba. Ka zauna a daren ka tace. Cikin hotuna ɗari, idan ka samu biyar masu kyau ka yi kasuwa. Ka nuna biyar ɗin kawai, domin da mafi raunin abin da ka fitar ake auna ka. Gyaran haske da yanke gefe babu laifi. Amma kada ka cire mutum, kada ka ƙara ƙura, kada ka haɗa hotuna biyu ka ce ɗaya ne. Hoton wasa shaida ne, kuma mai shaidar zur sau ɗaya ake kama shi.

Sannan ka rubuta. Kowane hoto ya samu sunan 'yan wasan biyu da laƙabinsu, ƙauyukansu, wurin da aka kara, kwanan wata, da wanda ya yi kaye. Ka riƙe ɗan littafi a aljihu ka riƙa rubutawa a fili, don washegari sunaye sun cakuɗe. Ka ajiye hotunan a wuri biyu, domin waya tana faɗawa ruwa, memori yana lalacewa. Idan za ka aika wa wani ta WhatsApp, ka aika a matsayin takarda, in ba haka ba manhajar za ta matse shi ingancinsa ya ragu.

Maganar kuɗi kuwa, a faɗi gaskiya: da farko hoton wasa shi kaɗai ba zai riƙe gida ba. Biki da suna da hoton katin shaida su ke ciyar da mafi yawan masu hoto a garuruwanmu. Amma fili yana buɗe ƙofa. Ka wanke hoto mai kyau ka kai wa ɗan kokowar da hannunka, na farko kyauta. Shi da 'yan'uwansa da masu gidansa su ne abokan cinikinka na gaba. Ƙungiyoyin ƙwallo na unguwa da makarantu masu shirya gasa suna son hoto. Idan aikinka ya nuna, ka aika wa jaridu irin su Le Sahel da Sahel Dimanche da cikakken bayani, ka kuma yi magana a kan sunanka da haƙƙinka kafin a buga. Mai son ya mai da abin aikin jarida sosai, akwai makarantar ESSCOM, wadda a da ake kira IFTIC, a Yamai.

Akwai kuma wani lada da ya wuce kuɗi. A ƙauyuka da yawa na Dallol Mawri, idan ka tambayi wane ne ya gagara shekara 40 da suka wuce, za a faɗa maka sunansa, a yi maka kirarinsa, a nuna maka jikokinsa. Ka ce a nuna maka hotonsa yana kokowa, sai a yi shiru. Yaran da ke karawa a dandalin Junju da Zabori da Karakara a bana bai kamata su bi wannan hanya ba, tunda yanzu akwai kyamara a aljihun kusan kowane saurayi. Abin da ya rage shi ne wanda zai koyi aikin, ya rubuta sunaye, ya adana.

Don haka kada ka jira sai ka tara kuɗin babban madubi, kada ka jira sai takobi ya sake zagayowa Dosso. Ka tambayi inda za a yi kokowa a wannan mako, ka cika batir, ka je da wuri, ka gai da manya, ka zauna a ƙasa rana na bayanka. A babi na gaba za mu ɗauki hotunan da ka dawo da su mu koyi yadda ake tace su da gyara su.